Baba Ya Kulle Kayan Aikina, Ya Ce Sai Dai Likita

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 16, ina SS2 ɓangaren kimiyya a wata makarantar jeka-ka-dawo a Kano. Tun ina ƙarami nake kwance rediyo da tocila ina mayarwa. Yanzu ina haɗa fanka mai caji da fitilun sola da tarkacen da nake saya a wurin 'yan gwangwan, kuma in an tashi daga makaranta ina zama a shagon wani mai gyara a unguwarmu. A mako nakan samu dubu biyar, wani lokaci har fiye. Fankar da na haɗa ta zo ta biyu a gasar JETS, ta ƙere-ƙeren kimiyya da fasaha tsakanin ɗalibai, da makarantarmu ta je. To amma zangon da ya wuce na faɗi Kemistiri, Lissafi ma da ƙyar na sha. Baba ya kwashe kayan aikina ya kulle a durowarsa, ya hana ni zuwa shago, ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma shi likita yake so in zama. Ni kuwa ko jini ba na son gani. Maigidana ya ce in riƙa zuwa a ɓoye. Wani lokaci har ji nake kamar in bar makarantar, tunda masu digirin ma ga su nan a majalisa ba aikin yi. Don Allah Malam mene ne mafita?

Ɗalibi daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, barka. Yaron da zai tsinto matattun kaya a bola ya tayar da fanka har ta ba mutum iska a zafin Afrilu na Kano, Allah ya yi masa baiwa. Kada faɗan da ake yi a gida ya sa ka ɗauka iya wannan aikin laifi ne.

Zan fara da maganar maigidanka, domin ita ce ta fi gaggawa. Kada ka je a ɓoye. Shagon a unguwarku yake, kuma kai ma ka san ba a yin kwana uku wani bai tare Baba a ƙofar masallaci ya ce masa "ai jiya na ga yaronka yana gyara mana fitila, Allah ya yi albarka" ba. A yau abin da ke tsakaninka da mahaifinka sakamakon jarrabawa ne, zango ɗaya ya isa ya gyara shi. Ran da ya gano ana zagaye shi, magana ta koma ta amana, ita kuwa takan ɗauki shekaru ba ta warke ba. Ban ce maigidanka mugu ne ba, amma ka sani yaro mai hannu irin naka riba ne a shago, kuma ba shi ne zai amsa tambaya ba idan WAEC ta fito da jan biro. A al'adarmu uba ne yake kai ɗansa wurin mai sana'a ya ce ga amana. In da gaske yana son ka, ya sa rigarsa ya je ya gai da Baba, su yi magana ta manya.

Yanzu ga abin da nake ganin ba a taɓa zaunar da kai an gaya maka ba. Kana kallon Kemistiri da Lissafi a matsayin kayan Baba da burinsa na likitanci, shago kuma naka. Je ka duba darussan da JAMB ke nema ga mai son karanta injiniyan lantarki: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Mai son likitanci kuma: Turanci, Bayoloji, Fiziks, Kemistiri. Darasi ɗaya tak ya raba su. A WAEC ko NECO ma sai ka kawo kiredit biyar, kuma a ɓangaren injiniya dole a ga Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri a ciki. Kiredit yana tsayawa ne a C6. D7 da E8 sunansu ka wuce, amma ba za su buɗe maka ƙofar jami'a ba. Ka ga ke nan darussa biyun da ka yi wa riƙon sakainar kashi su ne ainihin masu gadin ƙofar da kai kanka kake son shiga. Ko da Baba zai farka gobe ya ce ya janye maganar likita, je ka zama injiniya, da wannan sakamakon ba inda za ka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Kemistirin da kake gudu a aji shi kake shafawa da hannu kullum a shago. Batirin nan mai bolt 12 da kake sa wa fanka, ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne yana ba da kusan bolt 2, farantan dalma ne jiƙe cikin asid ɗin da muke kira ruwan batir. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa in aka bar shi ba caji na tsawon watanni yake mutuwa, ko an jona shi ya ƙi ɗauka? Wani farin gishiri ne, salfet ɗin dalma, yake taruwa a jikin farantan yayin da batir ke sauka. In an yi caji da wuri ya narke ya koma, in an bar shi ya daskare ya yi tauri. Wannan yana cikin babin da ake koya muku kan yadda sinadarai ke haifar da lantarki. Abokan ajinka haddace shi za su yi don su ci jarrabawa, kai kuwa ka riga ka san warinsa. Haka Lissafi. Fanka mai wat 15 a kan bolt 12 tana jan amfiya 1.25. Batir mai lamba 7 a jikinsa, wato wanda zai iya ba da amfiya 1 na tsawon awa 7, a takarda zai riƙe ta sama da awa biyar da rabi, amma irin wannan batirin ba a son a riƙa zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, don haka awa uku ma da ƙyar za ka yi wa mai saye alkawari. Wanda bai iya wannan lissafin ba sai dai ya yi ta gwaji yana ƙona kaya, kwastoma yana dawowa da ƙorafi. Gobe ka ɗauki mataccen batir ɗaya ka kai wa malamin Kemistiri ka ce ya nuna maka babin da ya yi bayaninsa. Na yi shekaru ina riƙe da alli, kuma ban taɓa ganin malamin da ɗalibi ya zo masa da irin wannan tambaya ya kore shi ba. Yawancinmu ma ƙishirwar irinta muke yi.

Sai batun barin makaranta. A ganina ba fankar ce ke ja maka wannan tunanin ba, dubu biyar ɗin ce. A shekara 16, ba haya, ba cefane, ba kuɗin asibiti, dubu biyar a mako sarauta ce. Amma tara ta wata guda ka ajiye kusa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024, wanda masu karɓarsa ma kuka suke yi: ko kashi ɗaya cikin uku ba ka kai ba. Na ga yara da yawa masu basira da ƙaramin kuɗi ya fitar daga aji. Bayan shekara goma suna nan a kan bencin da suka fara, hannu ya ƙware, amma in aka zo da aikin da ke buƙatar zane da lissafi da sa hannu, wani ake kira daga waje, su a ba su jan waya.

Ban raina gyara ba, Allah ya kiyaye. Farm Centre da Sabon Gari a Kano, da Panteka a Kaduna, sun ciyar da gidaje dubbai, sun kuma fitar da gwanayen da wasu masu digiri ke zuwa koyo a wurinsu. Maganarka kan masu digiri da ke zaune a majalisa ma akwai gaskiya a ciki. To amma duba su da kyau: akasarinsu takarda ce kawai a hannunsu, in ka miƙa musu sukundireba ba su san ta inda za su fara ba. Kai kana da abin da suka rasa tun kafin ka gama sakandare. Ka yar da takardar kuma, ka zaɓi zama rabin mutum bayan Allah ya ba ka damar zama cikakke. Hukumar COREN da ke yi wa masu aikin injiniya rajista a Najeriya hawa huɗu take da shi, daga mai sana'ar hannu har zuwa cikakken injiniya, kuma karatu ne yake tantance hawan da mutum zai tsaya.

Nasan kuna yawan tura wa juna bidiyon yaran da suka ƙera abu duniya ta san su, ana cewa ai wane ma bai yi boko ba. Ka bi labarin har ƙarshe. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin da iska ke juyawa ya ba gidansu wuta, da sassan keke da itace da tarkacen bola. Gaskiya ne a lokacin ba ya makaranta, amma yunwar da ta auka wa ƙasarsu ce ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗi, kuma a ɗakin karatu na ƙauyensu ya samo ilimin daga littattafan kimiyya. Da dama ta samu komawa aji ya yi da gudu, har ya kammala jami'ar Dartmouth a Amurka a 2014. Na kusa da mu kuma ga Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci tun yana yaro. Ya gama Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya samu tallafin karatu ya tafi Detroit ya koyi zanen mota. Kamfanin General Motors ya ɗauke shi, shi ya zana Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Da ya tsaya a zanen bayan littafi, da yanzu sai dai abokan ajinsa su riƙa cewa "kai, wane ya iya zane a da." Ita kanta gasar JETS da ka je, ai da rigar makaranta ka shige ta. 'Yan matan nan biyar na Onitsha da suka ci zinare a gasar Technovation a Amurka a 2018 da manhajar gano jabun magani, su ma daga makarantarsu aka ɗauke su.

To mu dawo kan Baba. Ka ɗan zauna a tabarmarsa. Shi yake biyan kuɗin makaranta, shi zai nemo kuɗin WAEC da NECO da JAMB baɗi, ya buɗe takardar sakamako ya ga an faɗi, ya ɗaga kai ya ga ɗansa ya dawo bayan magariba hannu duk baƙi. Wane uba ne ba zai kulle durowa ba? Kuma mutanen zamaninsa a Kano sun ga abin da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu suka yi tun da aka buɗe su a 1977: 'ya'yan talakawa sun shiga, sun fito likitoci, gidajensu sun canza. Idan ya ce likita, abin da yake nufi a zuciyarsa shi ne kada ɗana ya wulaƙanta bayan raina. Karin maganar da ya yi maka ma daidai ne, taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. Amma ai ba wanda ya ce a zubar da ɗayar. Ajiye ta ake yi a aljihu, a gama da ta farko.

Ga yadda zan so ka bi. Kada ka tunkare shi kai tsaye da roƙon a buɗe durowa. Fara da Mama, ka gaya mata duk abin da ka gaya mini, har da maganar zuwa a ɓoye da ka ƙi. Sannan a nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, baffanka ko kawunka ko amininsa. In malamin da ya kai ku gasar zai yarda ya zo gida ko ya kira shi, ya fi kowa amfani, domin shaidar malami kan ɗalibi tana da nauyin da taka ba ta da shi. Ina ma tantama ko Baba ya san mece ce JETS, ko ya taɓa zama a gaban fankar nan tana kaɗawa. Gani ya kori ji. Sau da yawa iyaye ba su ga komai ba sai ƙarar guduma da tarkace a tsakar gida.

Ran da za ku zauna, zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba yana shigowa daga kasuwa ko ofis ba. Ka durƙusa ka fara da laifinka, ba tare da "amma" ba: Baba na yi sakaci, shago ya cinye mini lokacin karatu, ka yi daidai da ka hana ni. Daga nan ka kawo sharaɗin da bakinka, tun kafin a ɗora maka. Kayan su ci gaba da zama a durowa har ƙarshen wannan zangon. In ka kawo aƙalla C a Kemistiri da Lissafi, a ba ka ranar Asabar daga azahar zuwa la'asar sakaliya, da kuma dogon hutu, da sanin Baba da izininsa. In sakamako ya sake faɗuwa, kai da kanka za ka mayar da kayan ka miƙa masa makulli. In kana da ɗan abin da ka tara, ka sayi littafin tambayoyin jarrabawar baya da kuɗinka, ko ka biya lesin na wata ɗaya, ka bari ya gani. Uban da ya ga kuɗin shago ya koma littafi zai fara kallon shagon da wani ido. Kuma ka san cewa in ka shiga SS3, daga Janairu har a gama NECO, shago sai dai gaisuwa daga nesa. Watanni ne ƙalilan, ba za su kashe hannunka ba.

A wannan tsakanin ba a kulle maka biro da takarda ba. Sami littafi guda mai kauri, duk abin da ka taɓa haɗawa ka zana shi, ka rubuta ƙarfin batir, awa nawa ya yi, me ya ƙone, me ya sa kake zaton ya ƙone. Masu gyara da yawa a ka suke riƙe komai, shi ya sa iliminsu ke tafiya da su kabari.

Maganar likita kuwa, kada ka buɗe ta a wannan zaman. Mutumin da ya faɗi Kemistiri ba shi da bakin zaɓar kwas, kuma fom ɗin JAMB sai kana SS3 za a cike shi. Har zuwa lokacin hanyarku ɗaya ce da mai son likitanci, ka riƙe Bayoloji da Lissafi duka biyun. Amma kada ka yi masa alkawarin ƙarya don a buɗe durowa. In ya tambaye ka, ka ce Baba zan yi ƙoƙari in kawo sakamakon da zai isa kowanne, in lokaci ya yi ina roƙon a saurare ni. Biyayya ga iyaye wajibi ce, ko tsaki an hana mu yi musu, amma faɗin abin da ke ranka cikin ladabi bai saɓa mata ba. Likitanci shekara shida ne a jami'a, ga shekarar koyon aiki a asibiti bayan nan, kuma wanda aka tura ba da son ransa ba yakan sha wuya ƙwarai. Da sakamako mai kyau a hannunka, wannan hujjar za ta shiga kunne.

Akwai kuma wata gada da wataƙila ku biyun ba ku hango ba. Asibiti ba likita kaɗai yake buƙata ba. Kwalbar jariran da aka haifa bakwaini, na'urar tace iskar numfashi, firjin sola da ke ajiye alluran rigakafi a ƙananan asibitocin karkara, duk in suka tsaya likita sai dai ya naɗe hannu. Akwai fannin injiniyan kayan asibiti, ana karanta shi a jami'o'i irin su Ilorin da Legas. A gida kuma ga injiniyan lantarki a Bayero da Wudil da Ahmadu Bello ta Zariya, ga kwalejojin fasaha na Kano da Kaduna inda ake shekara biyu a karɓi difloma, a yi shekarar aiki, a koma babbar difloma. Ka ajiye wannan a ranka, ranar da za a yi maganar kwas ka fito da shi. In duk da haka Baba ya kafe, sai a sake komawa ga manyan da suka shiga tsakani tun farko. Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, wanda na ga wasu yara sun yi: faɗuwa jarrabawa da gangan don a ƙyale su. Kansu suka cuta, iyayen kuma ba su taɓa mantawa ba.

Saura magana ɗaya, ita kuma ta lafiya ce. Dalmar liƙin da kuke narkarwa guba ce mai taruwa a jiki sannu a hankali, kuma ta fi illa ga ƙananan yara. Ka tuna abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Naka bai kai wannan ba, amma gubar ɗaya ce. Kada ka yi liƙi a ɗaki rufe, kada ka sa hannu a tuwo sai ka wanke da sabulu, kada ka fasa tsohon batir a tsakar gida inda ƙannenka ke rarrafe. Su kuma ƙananan batiran litiyam da kuke cirowa daga tsofaffin kwamfutoci, kowanne bolt 3.7 ne, cikarsa 4.2. In aka yi musu caji ba allon kariyar nan da kuke kira BMS, ko aka huda su, ko ƙarfe ya haɗa bakinsu biyu, wuta suke kamawa, irin wadda ba ta jin bari. Wanda ya kumbura ko ya lotsa, rabu da shi.

Saboda haka ina da tambaya. Cikin kayan da Baba ya kwashe ya zuba a durowa, akwai irin waɗannan batiran tsirara, haɗe da wayoyi da ƙusoshi da sukundireba? In akwai, kada ka jira zaman sulhu. Yau ɗin nan bayan isha'i ka same shi ka ce Baba ba kayana na zo karɓa ba, amma akwai batiran da bai kamata su kwana a cakuɗe da ƙarfe a ɗakinka ba. Ya buɗe da hannunsa, ka naɗe bakin kowanne da salatif, ka ware su a robar da ba ƙarfe a ciki, a ajiye inda ba zafi, sannan ya mayar da makullinsa aljihu.